JIRGIN ƘASA A KAN TEBUR: Yadda Ake Tayar Da Tsohon Abu Idan An Haɗa Hannu

Yau filin namu zai ɗan kauce daga zancen kwalliya da girki, mu shiga wata harka wadda na san da yawanku da jin sunanta za ku taɓe baki ku ce, "Jirgin ƙasa kuma? Ina ruwan mace da shi?" To ku dai biyo ni sannu a hankali, domin kafin mu kai ƙarshe za ku ga ashe rabin aikin nan a hannunku yake tun kuna 'yan ƙanana.

WASAN DA DATTAWA KE YI

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai wasu mutane, cikinsu har da masu furfura da jikoki, waɗanda babu abin da suke so a duniya kamar haɗa ƙaramin jirgin ƙasa na kwaikwayo. Ba irin na robar nan da ake saya wa yaro ranar sallah ya karya kafin la'asar ba. Wannan jirgi ne mai kai da taragai da layin dogo, yana tafiya da wutar lantarki, an shimfiɗa shi a kan faffaɗan katako, an kuma gina masa gari sukutum a kewaye, da tasha da gada da gonaki da itatuwa, har da 'yan mutane masu jiran jirgi. Idan kika durƙusa kika sa ido daidai bakin teburin sai ki rantse da gaske ne.

Kuma abin da zai ba ki mamaki, asalin sana'ar daga kayan wasan 'yan mata ta taso. Kamfanin Märklin na ƙasar Jamus, wanda aka kafa a garin Göppingen a shekarar 1859, da 'yan tukwane da kayan girkin 'yar tsana ya fara. Da mai kamfanin ya rasu a 1866, matarsa Caroline ce ta riƙe sana'ar, tana yawo gari-gari da kayan tana tallatawa, har 'ya'yanta suka kawo ƙarfi suka karɓa. Su ne a 1891 suka baje jirgin wasa mai wani da layinsa da ake harhaɗawa a kasuwar baje koli ta Leipzig. Da matar nan ta naɗe hannu ta ce ita mace ce, da yanzu babu wannan labarin. A Ingila kuwa, kamfanin Frank Hornby na Liverpool ya fito da nasa jiragen a 1920, bayan tun 1910 masu sha'awar abin sun kafa ƙungiyarsu a Landan. A birnin Hamburg na Jamus wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, sun buɗe wani gida a 2001 mai suna Miniatur Wunderland, inda tsawon 'yan layukan dogon da ke ciki ya haura kilomita 15.

Sai dai kayan suna da tsada, shi ya sa da yawa daga masu wannan harka na hannu suke saye. Wani dattijo zai shekara ashirin yana gina nasa, idan ya tsufa ko rai ya yi halinsa sai iyali su rasa yadda za su yi da shi, ya zauna a ɗakin shirgi ƙura ta rufe shi, layi ya yi tsatsa, 'yan gidajen su ɓalle. Daga nan sai 'yan ƙungiya su saye shi, su riƙa haɗuwa mako-mako, wannan ya iya waya, wancan ya iya fenti, wata ta iya haɗa itatuwa, har ran da jirgin zai sake motsi.

A watan Mayu na 2019 wani abin tausayi ya faru a Ingila. 'Yan ƙungiyar garin Market Deeping sun jera kayansu a zauren wata makaranta a Stamford domin nuni washegari, sai wasu samari huɗu suka fasa cikin dare suka ragargaza aikin da mutane suka yi shekaru suna yi. Ƙungiyar ta nemi taimakon fam 500 kacal, amma jama'a suka tara musu fiye da fam dubu 100, mawaƙin nan Rod Stewart, wanda shi ma ma'abocin harkar ne, ya ba da fam dubu 10. Suka share hawaye suka koma gyara. Hausawa dai sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

MU MA MUNA DA NAMU

Kada ki ce wannan sai Turawa. Ki leƙa ƙauyukan da ke gefen kogin Watari, wajajen Bagwai da Bichi a arewacin Kano, inda gona ke manne da gona, gida na hango gida. Da zarar kaka ta yi an girbe dawa da gero, kara ya yi yawa, za ki ga yara maza a gindin bishiya da reza a hannu suna feƙe kara. Su ɓare bayansa su yi tsinke, su yanka totuwar ciki su soke, kafin ki ankara sun tayar da mota da ƙofa da madubi. Wasu su yi ta gwangwanin madara ko ta langalanga, su yanko tsohon silifa su yi taya. Babu wanda ya ba su littafi, ƙane ne ke koyo wajen wa.

A can cikin gida kuma 'yan mata na nasu. Ana tuwon ƙasa, ana ɗinka wa 'yar tsana zane da ɗankwali, ana yi mata ɗaki da gado da jeren kwanuka na marfin kwalba, ana gina murhu da 'yan tukwanen yumɓu. To ki duba da kyau, mene ne bambancin wannan da abin da dattawan Turai ke yi a kan tebur? Maza na ƙera abin hawa, mata na gina gari, sai dai kowa yana yin nasa a ware. Yarinya ta matso kusa da masu motar kara, sai ki ji an daka mata tsawa, "Ke tafi can, wannan ba wasan mata ba ne!" Ita ma idan ƙanenta ya taɓa mata jere sai ta ce, "Inna kin gan shi ko, zai ɓata mini ɗaki." Da za a haɗa hannuwan nan biyu wuri ɗaya, da an ga abin mamaki.

Abin da ya sa na zaɓi jirgin ƙasa shi ne, tsohon layin dogo bai bi ta yankin Watari ba, saboda haka yara da dama a nan ba su taɓa jin kukan jirgi da kunnensu ba. Amma ruwan Watari yana gangarawa ya haɗu da kogin Challawa, wanda layin ke tsallakewa kafin ya shigo Kano daga kudu, kuma gumin manoman wannan yanki ya sha hawa jirgin. A 1911, zamanin Sarkin Kano Abbas, layin da aka faro daga Baro a bakin kogin Kwara ya iso Kano, a 1912 kuma aka buɗe shi ga 'yan kasuwa. Talakawa ne suka haƙa shi da diga da kwando, da yawansu aikin tilas aka sa su. Daga nan noman gyaɗa ya bunƙasa, ana kawo ta daga ƙauyuka a kan jakuna da raƙuma, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suna saye, ana tara buhuna su zama dala kafin jirgi ya kwashe zuwa Ikko, tafiyar mil kusan 700. A 1929 reshen Zariya ya isa Ƙauran Namoda ta Funtuwa da Gusau, a 1930 kuma na Kano ya isa Nguru ta Ringim da Malam Madori. Yau dalar gyaɗa sai a hoto, tsofaffin da suka gani da idonsu kuma kullum raguwa suke yi.

IDAN KIKA CI KARO DA SHI A GWANJO

Wani lokaci a cikin tarkacen kayan wasan yara na gwanjo akan tsinci irin wannan jirgi, ko wani ɗan uwa ya zo da shi daga tafiya ya lalace aka jefa a ƙarƙashin gado. Yawanci na roba ne mai batir, jefi-jefi kuma a dace da na gaske mai layin ƙarfe. Kowanne kika samu, ga yadda za ku bi da shi ke da ƙawayenki da 'yan uwanki.

Na farko, kada ku yi gaggawar kunnawa. Ku shimfiɗa farin ƙyalle ku zazzage komai a kai, ku ware layi gefe, taragai gefe, ƙananan kusoshi a cikin murfi. Mace ɗaya ta ɗauki biro da littafi ta rubuta abin da ke nan da abin da ya ɓata. Duk abin da za ku kwance, ku zana yadda yake tukuna, don kada a zo mayarwa a tsaya ana kallon-kallo.

Na biyu, maganar wuta, kuma a nan ne hatsarin yake. Yawancin irin waɗannan jirage wutar da suke ci ba ta wuce 12V ba, wutar gidajenmu kuwa 230V ce. Akwai ɗan akwati, wato taransifoma, da ke rage ƙarfin wutar kafin ta shiga layi. Ki karanta abin da aka rubuta a jikinsa. Idan kika ga 110V ko 120V, to na Amurka ne, kina sa shi a soket zai ƙone. Idan wayarsa ta tsattsage ko ta bushe, kada ki taɓa, a kai wa mai gyaran rediyo. Hanya mafi sauƙi ta gwaji ita ce a samo ɗan batirin nan mai kusurwa huɗu na 9V, a juya kan jirgin a ɗora bakin batirin a kan ƙafafun ƙarfe na dama da hagu. Idan ƙafafun suka juya ko suka yi ɗan gurnani, to da sauran rai. Wasu jiragen, kamar na Märklin, tsarin wutarsu daban ne, ba za su amsa wannan gwajin ba, don haka kada a yanke musu hukunci da wuri. Batirin mota kuwa ku bar shi, idan wayoyi suka haɗu zai iya tayar da gobara.

Na uku, tsafta. Wutar tana bi ta layin dogo ne ta shiga ƙafafun jirgi ta isa injin, saboda haka ɗan datti kaɗan ya isa ya tsayar da shi cak. Sau da yawa jirgin da aka ce ya mutu ba abin da ke damunsa sai dauɗa. A jiƙa ƙyalle da ɗan sifirit a goge saman layi da ƙafafu har sai baƙin ya daina fita. Kada a kankare da samfefa mai kaushi, domin zanen da za ta bari shi zai riƙa tara wani dattin. A sa allura a zaƙulo gashi da zare da suka nannaɗe a gindin ƙafafu. Inda layi ke haɗuwa da layi akwai 'yan ƙarafa masu riƙe su, idan sun saki a ɗan matse su da filaya. Idan mai batir ne, a duba mazaunin batirin, in ya yi fari-fari ko kore a kankare shi a hankali.

Na huɗu, mai. A nan ne masu zumuɗi ke ɓata aiki. Ɗigo ɗaya a bakin allura na mai marar kauri, irin na keken ɗinki, ya isa kowane wuri mai juyawa. Kada ya taɓa layi ko inda wuta ke bi, kuma kada a kuskura a sa man gyaɗa ko manja, za su daskare su kama ƙura.

Na biyar, wurin ajiya. A ɗora katakon a kan wani abu, kada a bar shi a ƙasa saboda gara da danshin damina, a kuma riƙa rufe shi da tsohon zane saboda ƙurar hunturu. Ku kula da ƙananan yara masu kai komai baki, domin ƙananan kayan na iya shaƙe su, tsohon fenti kuma wani yana da gubar darma.

To idan ba a samu na gwanjo ba fa? Ba a fasa ba. Sillen kara biyu a jere sun zama layi, tsinken tsintsiya a gicciye ya zama katakon ƙarƙashinsa, kwalin ashana ko gwangwanin kifi ya zama tarago, a ja da zare. Yayanki mai motar kara ya san sauran.

GINA GARIN

A nan ne hannun mace ke nuna kansa. Masu wannan harka suna da ma'auni, kuma wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda suke kira HO, inda ake rage komai sau 87, faɗin layinsa kuma milimita 16.5 ne. A Ingila sun fi amfani da OO, mai ragin sau 76, akwai kuma ƙarami mai suna N, mai ragin sau 160. Ki ɗauko rula da littafin lissafinki mu gwada na farkon. Taragon da tsawonsa ya kai mita 20 zai dawo santimita 23. Mutum mai matsakaicin tsayi zai dawo kamar santimita 2, wato bai kai gaɓar yatsanki ba. Ɗakin ƙasa mai tsayin mita 3 zai dawo santimita 3 da rabi, kuka mai mita 15 kuma santimita 17. Idan kika yi rumbu ya fi kuka tsawo, ido zai gane nan take. Kin ga rabawar da Malam ke ta fama da ku a aji ta sami wurin aiki.

Kuma ba dole sai kun kwaikwayi garin Turawa mai ƙanƙara ba. Ku gina naku. Ku yi tasha irin ta da, da dalar gyaɗa a gefe, a ɗinka 'yan buhuna da ƙyalle a cusa musu yashi. Ku yi gidan ƙasa da zaure da yumɓu, ku yi rumbu da jinkar busasshiyar ciyawa, ku yi danga da tsinke. Garin katako daga wajen kafinta, idan aka rina shi da koriyar galura aka barbaɗa a kan gam, ya zama gonar shinkafa irin ta noman rani a ƙasan madatsar ruwan Watari. Shuɗiyar leda a ƙarƙashin farar roba ta zama ruwan dam. Busasshen reshen ƙaya da aka manna wa soso ya zama gawo. Ku sa masu tallar dafaffen ƙwai da rake a bakin tasha, da mai shayi, da jaki ɗauke da mangala.

Wajen sanin yadda abin yake a da, ku je ku durƙusa gaban tsofaffi. "Kaka, wai da gaske kin taɓa shiga jirgi?" Za ki sha labari, daga yadda ake guzuri da yadda ake kwana a hanya, har yadda hayaƙin kwal ke baƙanta mayafi. Abin da ta faɗa ku rubuta, ku gina shi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ku raba aiki tun farko don gudun saɓani. Mai haƙuri ta riƙe goge layi, mai kyan zane ta riƙe fenti, gwanar lissafi ta riƙe rula, mai amana ta riƙe asusun da kuke tara 'yan kuɗin gam. Ku sa rana ɗaya a mako, bayan an gama aikin gida da na makaranta da na Islamiyya, kuma a gidan da iyaye suka sani suka yarda. Idan kuna son Baba ya ba da aron zaure, to kada a ga tuwo ya ƙone saboda jirgi. Kuma ku sa a ranku cewa ran farko ba lalle ya motsa ba, wataƙila ma har mako na uku. Sannu ba ta hana zuwa.

RIBAR ABIN

Wata za ta ce, duk wannan wahala a kan wasa? Ki tuna yarinyar da ta gano dalilin da ya sa ɗan jirgi ya tsaya, ta bi waya daga batir har inji ta kamo inda ta tsinke, ta riga ta fahimci darasin lantarki fiye da wadda ta haddace shi don jarrabawa kawai. Gobe ba za ta ji tsoron buɗe tocila ko keken ɗinki ko fitilar sola ba. Yatsun da suka iya kitso da ɗinkin hula da zanen lalle ba su da abin tsoro a wajen ƙaramar kusa. Tun 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, daga baya aka yi na 'yan mata irin ta Garko, kuma ba a rubuta a goshin kowa cewa kujerun nan na 'yan birni ne kaɗai ba.

Sannan jirgin gaske ma yana dawowa. An buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Legas zuwa Ibadan a 2021, kuma a shekarar 2021 ɗin aka ƙaddamar da aikin layin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Sababbin layukan sun fi na da faɗi, milimita 1,435 maimakon 1,067. Duk inda aka shimfiɗa layi ana buƙatar injiniyoyi da masu kula da sigina da masu zanen gada. Su wa za su yi? Idan 'ya'yanmu ba su koya ba, to kullum sai dai mu tsaya a bakin tasha muna ɗaga wa wasu hannu.

Akwai kuma tarbiyyar da ke ciki, ta rashin raina tsohon abu. A Ebute Metta ta Legas akwai wani tsohon gidan ma'aikatan reluwe da aka gina a 1898, ana kiransa Jaekel House. Ya lalace har ana ganin sai rushewa, amma wata ƙungiyar masu kishin tarihi mai suna Legacy 1995 ta gyara shi a 2010, ya zama ɗan gidan tarihin jirgin ƙasa. Mu kuwa mun saba da zarar abu ya ɗan sami matsala sai mu ce ya mutu, a sayo sabo. Yarinyar da ta saba zama ta binciki inda matsala take kafin ta yar da abu, wannan hali zai bi ta har ɗakin mijinta, ko a kan kayan ɗaki ko a kan zaman tare da mutane.

Don haka iyaye mata, idan kuka ga 'yarku ta tsuguna kusa da yayyenta tana kallon yadda ake soke kara, kada ku kore ta. Ku kuma samari, ku matsa wa ƙannenku su zauna, ku ba su reza su gwada, za ku ga garin da za su gina wa motocinku. Ke kuma ƙanwata, bana idan an yi girbi ki ɗebi naki karan ki ajiye tun kafin a kai shi murhu. Duk waɗanda suka haɗa nasu garin, su aiko mana da labari ta adireshin mujalla, mu ji wace ce ta fara sa jirginta ya zagaya.

Allah Ya yi mana jagora, Ya albarkaci hannuwanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.